Madatsar Ruwan Bakolori da Mas'alar Iko a kan Abinci: Bahasi kan Sakamakon Zamanantar da Noma a Ƙasar Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin aikin noman rani na Bakolori, wanda gwamnatin Nijeriya ta kafa a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara daga 1974, domin a gano irin sauyin da ya haifar a zaman jama'a da siyasarsu. Ta dogara ga binciken masana da suka ziyarci yankin a zamanin da abin ke faruwa, sannan ta auna abin da suka gano da ƙa'idojin fikihun Malikiyya game da ƙasa da ruwa. Natijar da aka kai gare ta ita ce, babban abin da aikin ya sauya shi ne wurin da ake yanke hukunci kan shuka da ruwa da mallaka, domin ya ɗauke shi daga hannun maigida ya damƙa shi ga hukuma.

1.0 Muƙaddima

Bayan fari mai tsanani da ya afka wa ƙasashen Sahel tsakanin 1972 da 1974, wanda ya zo daidai da lokacin da farashin man fetur ya yi tashin da ya cika baitulmalin Nijeriya, sai mahukuntan wancan zamani suka ƙudurta a ransu cewa maganin yunwa yana ga manyan madatsun ruwa da injuna da irin shuka na zamani, tun da yake ga kuɗi a hannu, ga kuma kamfanonin ƙetare suna jiran kwangila. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tare da takwararta ta Tafkin Chadi. A 1975 Bankin Duniya ya soma ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe. A 1976 kuma aka ƙara yawan hukumomin koguna zuwa 11, gwamnatin Janar Obasanjo ta kuma ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa.

Yawancin masu auna irin waɗannan ayyuka sukan taƙaita ga lissafin hekta da buhu. Mu kuwa abin da muke nufin bincikawa shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin, da wanda ya ci amfaninsa, da kuma wanda maganarsa ta zama ita ce ta ƙarshe a kan gona. Kuma mun zaɓi Bakolori ne saboda a nan ne waɗannan mas'aloli suka bayyana a fili har suka kai ga zubar da jini.

2.0 Halin ƙasar kafin madatsa

Manomin bakin Gulbin Sakkwato ya kasance yana raba dogaronsa gida biyu. A kan tudu yana da gero da dawa da wake, waɗanda rayuwarsu ke hannun ruwan sama. A fadama kuwa, inda ambaliyar shekara-shekara ke shimfiɗa ruwa ta bar taɓo mai albarka, yana da shinkafa da damina, idan ruwan ya janye kuma ya dasa albasa da barkono da taba da dankali, yana ba su ruwa da jigo daga rijiyoyi marasa zurfi. Masunta na kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, Fulani kuma na sauko da shanu fadama da rani su ci ciyawa da karmami su bar taki. Hikimar wannan tsari ita ce, shekarar da tudu ya gaza fadama takan rufa asiri, don haka da wuya gida ya rasa duka biyun lokaci ɗaya.

Ba a rasa doka a wannan zama ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hanyoyin da mutum ko jama'a ke samun keɓantaccen haƙƙi a kan ƙasa, wato rayar da matacciyar ƙasa, da harimin gari ko na rijiya, da yankan da shugaba ke bayarwa, da kuma hurumin da ake keɓewa don maslahar kowa. Game da ruwa mai gudana kuwa, fuƙaha'un Malikiyya sun ba na sama damar ya fara shayar da gonarsa, bisa sharaɗin ya saki saura ga na ƙasa da shi, kuma idan na ƙasan ne ya riga raya wurinsa, ana kuma jin tsoron halakar shukarsa, to shi ake gabatarwa.

3.0 Ginin madatsa da ƙaurar jama'a

Rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a yi ƙaramin aiki, a bi shi sannu a hankali; amma da kuɗin mai suka samu sai aka zaɓi babba, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda a lokacin reshe ne na Fiat, kwangilar ginawa. An kammala madatsar a 1978, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tafkinta kuma ya shafe kimanin hekta 8,000 na gonaki da gidaje. Mutane fiye da 10,000 na ƙasar Maradun aka tayar, aka zaunar da su a kan tudu mai ƙarancin albarka, alhali abin da suka rasa fadama ce.

Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa su ma sun ɗanɗana tasu wahalar. Kafin a haƙa magudanu sai an share ƙasa an daidaita ta, don haka aka hana mutane noma, waɗansu har damina biyu ko fiye, katafila ta shiga ta tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, ta share iyakokin da kakanni suka shata da gamba da duwatsu, ta kuma kwashe ƙasar sama mai taki ta cike kwari da ita. Da aka zo mayar da gonaki, wani ya tarar tasa ta ragu, wani aka nuna masa wuri dabam, wani kuwa sunansa bai fito a takarda ba, saboda gonar da yake nomawa ta aro ce ko ta jingina, ko kuwa gado ce da ba a raba ba. Hasarar itatuwa ta fi taɓa mata, domin daga kalwa suke yin daddawa, daga ƙwara suke tatsar man kaɗe, kuma da waɗannan ne mace ke samun kuɗin kanta tana cikin gidanta. A watan Maris na 1978 kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta sanya dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma taƙaita diyya ga amfanin gona da gine-ginen da ke kan ƙasa, ban da ƙasar kanta.

4.0 Alkama da dawa

Babban burin hukuma a manyan ayyukan ban ruwa na Arewa shi ne alkama, saboda cin burodi ya yaɗu a birane, jiragen ruwa kuma suna sauke alkamar Amurka a Legas da kuɗi masu yawa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985 kan tarkon alkama, sun nuna cewa noman ta a gida ta wannan hanya ya fi sayo ta tsada nesa ba kusa ba, kuma bai kusanci biyan buƙatar masana'antun fulawa ba.

Abin da ya fi dacewa da bahasinmu shi ne karon da ke tsakanin kalandar alkama da ta dawa. Alkama na son sanyin hunturu, saboda haka dole a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba, in ba haka ba zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Dawa kuwa, wadda ita ce tuwon gida, karanta kuma shi ne danga da makamashi da abincin dabba, ba ta isa yanka sai ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Wanda duk zai yi alkama a kan lokaci sai ya haƙura da dawa a wannan gona. Tina Wallace ta ga irin wannan karo a aikin Kogin Kano da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda ma'aikata ke matsa wa manoma su bar dawa, su kuwa suna ƙi, ana kiran su masu taurin kai. Alhali lissafinsu ingantacce ne, domin mai dawa a rumbu ya san abin da iyalinsa za su ci har wata kaka, shi kuwa mai alkama sai ya biya kuɗin tarakta da taki da ruwa da 'yan ƙwadago, sannan ya sayar ya je kasuwa ya auno hatsi a kan farashin da ba shi ya yanka ba.

Daga nan rarrabuwar jama'a ta samo asali. Wanda ba shi da jarin noman rani yakan ba da gonarsa haya ko ya sayar, masu karɓa kuwa galibi attajirai ne da ma'aikata da masu sarauta, waɗanda ke da hanyar samun bashin banki da takin gwamnati; har ya zama ba abin mamaki ba ne a ga mutum yana ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa. Gandu ma ya raunana, domin samari sun gane aikin lada ya fi saurin kawo kuɗi a kan aiki a ƙarƙashin maigida.

5.0 Mutanen ƙasan gulbi

Akwai wata jama'a da ba a tashe ta ba, ba a kuma yi mata alkawarin diyya ba, duk da haka cutarwar ta iske ta har gida. William Adams, wanda ya binciki ƙauyukan da ke ƙasan madatsar a farkon shekarun 1980, ya tarar cewa raguwar ambaliya ta tilasta wa manoma barin shinkafa su koma gero da dawa a cikin fadama, ruwan rijiyoyin lambu ya yi nisa, kifi ya ragu, tafiya cin rani kuma ta ƙaru. Makiyaya su ma sun rasa wani sashe na makiyayarsu ta rani. Irin wannan ya faru a dausayin Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa, inda Edward Barbier da Julian Thompson suka nuna a 1998 cewa abin da ake samu a filayen ban ruwa na sama bai rama abin da aka rasa a ƙasa ba. Idan aka auna wannan da ƙa'idar fikihu da muka ambata, za a ga an juya ta ne gaba ɗaya, domin sabon mai amfani na sama ya riƙe ruwa, wanda ya riga shi raya ƙasa kuma aka bar shi da ƙishirwa.

6.0 Afrilun 1980 da siyasar da ta biyo baya

Da mulki ya koma hannun farar hula a Oktoban 1979, manoman Bakolori, waɗanda suka gaji da kai kuka kan diyyar da ba a biya ba ko aka biya rabi, suka tsananta tare hanyoyin shiga wurin aiki, har kamfani ya kasa ci gaba. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa masu zanga-zangar da ƙauyukansu, musamman Birnin Tudu, suka buɗe wuta, aka kuma ƙona gidaje. Adadin mamatan da hukuma ta bayyana ƙanƙane ne ƙwarai idan aka gwama da na masu bincike masu zaman kansu, waɗanda suka ƙidaya ɗaruruwa; Dokta Yusufu Bala Usman na cikin waɗanda suka tattara bayanan wannan waƙi'a a 1982.

Abin lura a siyasance shi ne, a shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na juyin noma, a ita ce aka harbe manoma saboda gonakinsu. Jam'iyyun adawa, musamman PRP wadda gwamnoninta na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, sun riƙi al'amarin hujja a kan NPN mai mulki. Masu sarautar gargajiya kuma sun shiga tsaka mai wuya, domin ta hannunsu aka bi wajen ƙidayar gonaki da rabon diyya, saboda haka duk zargin da ya taso sai ya faɗa kansu, amanar da ke tsakanin talaka da dagacinsa ta yi rauni. Daga baya kuma, cikin kimanin hekta 23,000 da aka shimfiɗa domin ban ruwa, sashen da ya fi girma, wanda aka sa wa na'urorin yayyafi masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga ƙetare, ya daina aiki.

7.0 Kammalawa

Wannan bahasi bai nuna cewa ban ruwa sharri ne ba, domin har yau ana noman shinkafa mai yawa a sashen Bakolori da ruwa ke gangarowa ta magudanu. Haka kuma shirin Fadama da aka soma a farkon shekarun 1990, wanda ya dogara ga ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse da manomi ke sarrafawa da kansa, ya samu karɓuwa cikin sauri ba tare da tilas ba. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da akalar aikin. Saboda haka muke ganin wajibi ne a kan duk hukumar da za ta yi irin wannan aiki ta cika sharuɗɗa uku: ta biya diyya cikakkiya kafin katafila ta shiga, har da masu aro da jingina da mata masu cin gajiyar itatuwa, ta ƙayyade wa mutanen ƙasan gulbi rabonsu na ruwa a rubuce, ta kuma bar wa manomi zaɓin abin da zai shuka. Aikin gyaran Bakolori da Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2014 ya tanadi ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma mizanin da ya kamata masu bincike su auna shi da shi shi ne ko waɗannan ƙungiyoyi na da ikon tsara rabon ruwa da bin bahasin kuɗin da suke biya, ko kuwa aikinsu ya tsaya ga karɓar kuɗi a madadin hukuma.