Bayani a Kan Tuɓe Sarakuna da Abin da Ke Biyo Bayansa a Kano

Da sunan Allah nake farawa, godiya ta tabbata gare shi, shi ne mai ba da sarauta mai karɓe ta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma ba'adu, ya ku almajirai, na tara wannan bayani a unguwar Jakara cikin birnin Kano, domin ku sani cewa tuɓe mai sarauta ba ya ƙarewa ranar da aka kwance masa rawani. Hujjata ita ce yaƙin basasa.

Ku sani, Sarkin Kano Muhammadu Bello ya gaji ɗan'uwansa Abdullahi Maje Karofi. Da ya zauna, sai ya riƙa tuɓe 'ya'yan Abdullahi da bayinsu daga sarautunsu, yana share wa ɗansa Tukur hanya. Waɗanda aka tuɓe suka yi shiru, amma zukatansu ba su yi ba.

Bello ya rasu a shekara ta 1311 ta hijira, watau 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi umarni a naɗa Tukur, Waziri Buhari kuwa yana Kano, shi ya zartar. Sai Yusufu ɗan Abdullahi ya fita da 'yan'uwansa da jama'arsa zuwa Takai, ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu a Garko bai shiga birni ba, aka yi wa ƙaninsa Aliyu mubaya'a. Aliyu ya ci birni a 1894, Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi, aka kashe shi a Tafashiya a 1312, watau 1895. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

To ku duba wanda ya biya kuɗin wannan fitina. An ƙone garuruwa, an bar gonaki, an ƙwace gidaje da dukiya, an kama Musulmi 'ya'ya an mayar da su bayi, abin da shari'a ta haramta. Manomi da marini ba su nemi rawani ba, amma a kansu aka yi sukuwa.

Kana wanda ya fitar shi ma aka fitar da shi. Nasara suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, watau 1320, Aliyu yana tafiyar Sakkwato. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya dawo da jama'a, Nasara suka naɗa shi. Aliyu kuwa aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, can ya rasu a 1926 bai sake ganin Dala ba.

Ƙofar nan ba ta rufu ba. An sauke Sarki Muhammadu Sanusi, jikan Abbas, a 1963, aka kai shi Azare. An tuɓe jikansa Muhammadu Sanusi na biyu a 2020, aka kai shi Awe, kana aka mayar da shi a 2024 aka sauke Aminu Ado Bayero, magana ta kai gaban alƙalai.

Abin da nake gani shi ne abin da malaman fiƙihu suka tabbatar: idan cuta biyu suka haɗu, ana ɗaukar mafi sauƙinsu. Saboda haka ba a tuɓe shugaba sai da laifi bayyananne, da shawarar ma'abota ɗauri da kwance, da sanin wanda zai gada, da amincewa cewa jini ba zai zuba ba. Wanda ya tuɓe mutum don son rai ko don ɗansa, to ya koya wa na bayansa yadda za a tuɓe nasa. Idan mai iko ya nemi fatawarku a kan wannan, ku tambaye shi labarin gobe tun kafin ku jiƙa alƙalami.

Allah ne mafi sani. Allah ya kiyashe mu fitina, ya ba Kano lafiya, ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya kwafa da wanda ya karanta. Tammat, da godiyar Allah.