Binciken Zuciya a Tarihin Kiristanci

Binciken zuciya daɗaɗɗiyar al'ada ce a Kiristanci, inda mai bi kan keɓe kansa, galibi da dare, ya bi diddigin yininsa a gaban Allah. Tushenta yana cikin Littafi Mai Tsarki. A ƙarshen Zabura ta 139, mawaƙin yana roƙon Allah ya bincike shi da kansa. A sura ta 18 ta Irmiya kuwa, an aiki annabin gidan maginin tukwane, ya ga tukunya ta lalace a hannun magini, sai maginin ya sake mulmula yumɓun ya gina wata. Bulus ma ya umarci Korantiyawa kowa ya auna kansa kafin cin jibin Ubangiji.

Masu zuhudu na hamadar Masar ne suka mai da ita aikin kullum a ƙarni na 4. Atanasiyus ya ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu, Antoni, wanda ya rasu a 356, yakan shawarci almajiransa su rubuta ayyukansu da saƙe-saƙen zuciyarsu kamar za su karanta wa juna, don kunya ta hana su saɓo. Wajen shekara ta 400, Ogustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta tarihin rayuwarsa a matsayin doguwar addu'a. Da babban taron coci na Lateran ya wajabta ikirari a gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara, a 1215, sai binciken ya shiga gidan kowa, sai dai ya ƙara karkata ga ƙidayar laifuffuka. Musulmi ma sun san irin wannan binciken zuciya da sunan muhasaba.

Wanda ya yi wa al'adar tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne Ignatiyus na Loyola, sojan ƙasar Sifen da harsashin igwa ya ragargaza wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya lura da wani abu: mafarkin jarumtaka kan faranta masa na ɗan lokaci ya bar shi fayau, tunanin koyi da waliyyai kuwa daɗinsa ba ya gushewa. Daga baya a Manresa waswasi ya kama shi, ya yi ta maimaita ikirarin zunuban da ya riga ya faɗa, har ya yi mako guda bai ci komai ba.

Da alama wannan wahala ce ta koya masa yadda zai jera matakan binciken. A littafinsa na horon ruhu, wanda Paparoma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548, binciken yana da mataki biyar, kuma godiya ce ta farko. Sai roƙon alherin gane laifi, sai bin yini sa'a bayan sa'a tun daga tashi barci, tunani da magana da aiki, sannan neman gafara da ƙudurin gyara. Akwai kuma bincike na musamman a kan hali guda, misali saurin fushi. Duk lokacin da mutum ya zame, sai ya dafa ƙirji a asirce, ko da yana cikin jama'a. Bayan abincin rana da na dare ya ɗiga ɗigo a kan layi gwargwadon zamewarsa, ya gwada na yau da na jiya, na wannan mako da na wancan. Lissafi ne irin na ɗan tireda, ba kowa ke jure masa ba.

Furotesta ba su bar al'adar ba. A 1738 John Wesley ya tsara wa mabiyansa a Ingila ƙananan ƙungiyoyi masu haɗuwa mako-mako, maza daban mata daban, kowa ya faɗi zunubin da ya yi da jarabar da ta same shi da yadda ya kuɓuta.

A 1972 wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit a Amurka, George Aschenbrenner, ya rubuta maƙala yana cewa an mai da binciken Ignatiyus ƙidayar kurakurai kawai, alhali manufarsa lura da yadda Allah ke aiki a zuciya cikin harkokin yini. Fahimtarsa ce ta yi rinjaye a yau, kuma addu'ar kan ɗauki kamar kwata na awa.