Matasan Manoman Boko da Neman Ilimin Gona: Waiwaye

Duk wanda zai ba da tarihin ilimin manya a ƙasar Kankiya da Kusada, wajibi ne ya fara duba yadda saurayi manomi yake raba lokacinsa. A tsarin gandu da muka gada, ɗa yana noma wa mahaifinsa daga hantsi zuwa azahar, sai da yamma ya leƙa gayaunarsa. Ko bayan ya yi aure yakan ci gaba da zama a ƙarƙashin gandu, maigida ya biya masa haraji, ya ciyar da iyalinsa. Baturiyar nan Polly Hill ta bayyana wannan tsari dalla-dalla a binciken da ta yi a Batagarawa a 1967, kuma abin da ta gani can bai bambanta sosai da namu na Boko ba.

Da aka soma Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, wanda marigayi Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorantarsa, an fi samun sukunin karatu da rani. To amma rani shi ne lokacin da samari ke ɗaure kaya su tafi cin rani Kano, ko Kaduna, ko Kudu, neman kuɗin aure da na sutura. Wanda ya fi kowa buƙatar ajin, shi ne ba ya gari.

Haka abin yake ta wajen malaman gona. Tun zamanin En'e akwai gonar gwamnati a Kafin Soli, inda ake gwada noman shanu da amfani da taki. Sai dai malamin gona da maigida yake magana, domin shi ke da gona, shi ake ba bashin garma da shanu. Saurayin da ke riƙe da garmar kuwa, sai abin da aka maimaita masa a zaure. A ganinmu wannan ne babban giɓin da aka daɗe ba a lura da shi ba.

Farin 1973 da cutar da ta naƙasa gyaɗa a 1975 sun girgiza gandu ƙwarai, samari da yawa suka ware, kowa ya kama tasa gonar. A wannan tsakani ne aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, daga baya aka faɗaɗa irinsa. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aikin ya koma hannun hukumar KTARDA. Daga nan ne matashi mai 'yar gonarsa ya fara tsayawa da kansa gaban malamin gona, yana tambayar tazarar shuka da awon takin zamani, ba tare da jiran maigida ba. Cin rani dai bai gushe ba, ya sauya kama ne kawai: wanda kakansa ya yi ga-ruwa a Kano, shi yau acaɓa yake yi, ya dawo gida da saukar ruwan fari.