Daga Doka Zuwa Rilaksa: Tarihin Gashin Matan Gaya da Ajingi

Duk wanda ya buɗe tarihin ƙasar Kano zai tarar da sunan Gaya tun a shafukan farko. Daga can aka ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala, kuma zuriyarsa ake kira Abagayawa. Tarihin sarautar garin ma a rubuce yake har zuwa jiya-jiya: an ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan aka maido ta a watan Yuli a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Duk wannan labarin maza ne, na maƙera da mahaya da masu rawani. Matan wannan yanki suna da nasu tarihin da ba a cika rubutawa ba, kuma wani babi nasa a kansu yake, ƙarƙashin ɗankwali. Shi nake so in bibiya a nan: yadda gashin Bahaushiya ya tashi daga hannun makitsiya ya faɗa hannun sinadari, da yadda yake ƙoƙarin dawowa a yau.

Kafin zuwan rilaksa, gyaran kai ilimi ne cikakke mai kayan aikinsa. Akwai matsefi da tsinken kitso. Akwai karkashi da ake jiƙawa a wanke kai da yauƙinsa don gashi ya yi laushi ya tsefu ba tare da ya kakkarye ba. Akwai man shanu da man kaɗe da man gyaɗa na shafawa, da lalle da ake kwaɓawa a lulluɓe kai da shi. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya zauna a Kano a 1824, ya lura cewa matan birnin suna rina gashinsu da shuni, wato baban da ya ɗaukaka marinar Kano shi ne kuma adon kan matanta. Salon kitso kuwa kowanne da sunansa: doka, wadda ake ɗora gashi a kan matashi a tsakar kai ya tashi kamar tozo, da shuku, da zane, da kalaba. Mai ido yana iya duban kai ya gane budurwa ce ko amarya, Bafulatanar ruga ce ko 'yar cikin gari.

Kitso sana'a ce kuma. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 game da cinikin da matan kulle suke yi a cikin gidaje ba tare da sun taka kasuwa ba. Kitso yana cikin irin waɗannan sana'o'i a Kademi da Toranke da Gaya kamar ko'ina a ƙasar Hausa. Jarinsa tsinke ne da tabarma, ribarsa kuwa ta tara wa 'ya'ya mata da yawa kayan ɗaki. A gaban makitsiya ake jin wadda za a aurar da wadda ta yi yaji, a nan kuma yarinya take koyon zaman haƙuri, kanta a cinyar wata.

Rilaksa kuwa a wata duniya aka haife ta. A Amurka, bayan ƙarnukan bauta, miƙaƙƙen gashi ya zama abin da ke buɗe wa baƙar mace ƙofar aiki da mutunci a idon farar fata. Madam C. J. Walker, wadda ta rasu a 1919, ta yi dukiya da mayukan gashi, a zamanin da ake miƙar da gashi da matsefin ƙarfe mai zafi. Garrett Morgan na birnin Kilibland ya gano man miƙar da gashi yayin da yake neman ruwan da zai hana allurar keken ɗinki ƙona yadi, ya kafa kamfaninsa a 1913. George Johnson ya kafa nasa a Shikago a 1954, ya fito da Ultra Sheen, daga baya kuma Dark and Lovely ta kamfanin Carson ta mamaye kasuwa har ta tsallako Afirka.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke cikin robar. Silin gashi an gina shi da wani furotin mai suna keratin, wanda wasu ƙulle-ƙulle na farar wuta suke riƙe da shi, kuma su ne suke ba gashinmu murɗewarsa da ƙarfinsa. Rilaksa ta asali soda ce mai ƙuna, irin wadda masu yin sabulu suke amfani da ita. A ma'aunin kaifi mai hawa 14, tana tsakanin 12 da 14, alhali fatar kai tana wajen hawa na 5. Aikinta shi ne ta tsinka waɗancan ƙulle-ƙulle, kuma silin da ta tsinka ba ya sake komawa yadda yake. Wadda ake tallatawa da cewa ba ta da soda, wani sinadarin ne mai kaifi makamancin haka aka musanya. Duk ɗan ƙasar Kano ya san dangin wannan aiki, domin da ruwan toka majema suke jiƙa fata gashin ya saki su kankare shi. Tazarar da ke tsakanin miƙar da gashi da zubar da shi 'yan mintoci ne kawai.

Ta Legas wannan kaya ya shigo mana, ya biyo jirgin ƙasa da manyan motoci zuwa Sabon Garin Kano. Abubuwa uku na shekarun 1970 suka share masa hanya: shirin yi wa ƙasa hidima na 1973 da ya kawo 'yan matan Kudu har makarantun karkara, da kuɗin Udoji da suka cika aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da ya fitar da 'ya'ya mata daga gida suka ga malamai da ma'aikatan jinya masu gashi a kwance. Daga birni zuwa Wudil, daga Wudil zuwa Gaya, tafiya ce ta rabin yini ko ƙasa da haka, kuma 'yan koli ba sa barin sabon kaya ya kwana a birni.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa sha'awar matanmu ga miƙaƙƙen gashi kwaikwayon Turawa ce zalla. Bahaushe ya daɗe yana yabon gashi mai tsawo da santsi irin na Fulani da Shuwa da Buzaye. Finafinan Indiya, waɗanda suka cika silimun Kano tun shekarun 1960, sun ƙara wa wannan sha'awa wuta. Littattafan soyayya da suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ba su cika siffanta jaruma ba tare da gashi har gadon baya ba, finafinan Hausa kuma da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 suka ɗora. Yarinyar Ajingi da ta sa rilaksa, jarumar Indiya take gani a madubinta.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi. Baƙar mace a Amurka tana miƙar da gashinta ne domin idon titi da na ofis. Matar Gaya kuwa kanta a rufe yake da ɗankwali da mayafi, musamman bayan da hijabi ya game gari a shekarun da suka kewaye ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000. Masu ganin gashinta ƙalilan ne: miji, da kishiya, da matan da ke ɗakin amarya ranar biki. Amma waɗannan idanu sun fi na titi kaifi, domin a gabansu ake auna darajar mace a gidan aurenta. Shi ya sa robar rilaksa ta samu gurbi a akwatin lefe kusa da turare da atamfa, ta zama ɓangare na gyaran amarya.

A gidanmu na ga matakan nan uku da idona. Kakata ta yi zamanin doka, kuma har ta tsufa karkashi da man shanu ne abin kanta. Mahaifiyata ta fara rilaksa bayan aure. Ni kuwa ina shekara goma sha biyu aka fara sa mini, saboda bikin yayata, don a ce 'yan matan amarya sun fito. Daga nan sai ya zama ƙa'ida duk bayan mako shida zuwa takwas, domin sabon tsiro yana fitowa da murɗewarsa ta asali. Na shekara goma sha ɗaya a haka, har ranar da wata mai shagon gyaran gashi a birni ta bar man a kaina ta tafi sallamar wasu. Na kwana da ƙuna, gari ya waye ƙeyata ta manne da ruwan ciwo, gashin goshina kuma bai sake cika ba sai bayan shekaru.

Komawa ga gashin asali hanya biyu ce: ko a aske gaba ɗaya, ko a jira sabo ya tsiro ana rage tsohon da almakashi. A wajenmu aski yana da nauyi, don macen da aka ga kanta ƙwal za a tambaye ta wace cuta ta yi. Na zaɓi jira. Gashi yana tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka na shafe wata goma sha huɗu da gashi iri biyu a kai ɗaya, ƙasa mai kauri da murɗewa, sama sirara kamar zaren da ya sha wanki. Mahaɗar biyun ita ce mafi rauni, a nan yake karyewa da zarar matsefi ya taɓa shi a bushe. Littafi bai koya mini yadda zan bi da shi ba. Kakata ce ta zaunar da ni, ta jiƙa karkashi, ta raba kan gida huɗu, tana warwarewa da yatsu daga baki zuwa tushe, ta yi mini manyan kalaba marasa ɗauri. Tana yi tana tsokanata irin ta kaka da jika: "Kishiya, da kuɗinki kika sayo abin da majemi yake yi wa fatar akuya." Na ce, "Iya, ai zamani ne ya zo da shi." Ta ce, "To, zamanin ya zo ya tsefe miki."

Abin da ya same ni ya zo daidai da wani juyi da ke faruwa a duniya. An taɓa yin irinsa a shekarun 1960, lokacin da Angela Davis a Amurka da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu suka tsaya da gashinsu na halitta, a nan gida kuma mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara adana salon kitson Nijeriya a hotuna daga 1968. Zagaye na biyu ya zo da intanet. Cinikin rilaksa a Amurka ya faɗi da kimanin kashi 26 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2013. A 2016 ɗalibai mata a wata makarantar Piritoriya suka yi zanga-zanga kan dokar da ta takura wa gashinsu, a 2019 kuma jihar Kalifoniya ta haramta nuna wariya saboda gashi. Sai binciken Cibiyoyin Lafiya na Amurka da aka wallafa a watan Oktoban 2022, wanda ya bibiyi mata 33,497. Ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, amma cikin masu yawan amfani da shi adadin ya kai kashi 4.05. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa uwa ta dakata kafin ta shafa wa 'yar shekara goma.

Dalilan matan Gaya da Ajingi na juyowa sun fi kusa da gida. Akwai zubewar gashin goshi da kowa ke gani a kan ƙawarta. Akwai tsada, musamman bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Akwai kuma ibada: macen da ta biya kuɗi aka busar mata da kai tana jin nauyin zuba masa ruwa, alhali wankan tsarki ba ya jira, shi kuwa kitso hadisi ya sauƙaƙa cewa ba sai an tsefe shi ba muddin ruwa ya ratsa tushen gashi. Ƙarin gashi, wanda matan wasu wurare suke fakewa da shi a watannin jira, malamanmu sun hana shi bisa hadisi. Don haka matar da ta bar rilaksa a nan ba ta da mafaka sai gaban makitsiya.

Wannan komawa tana da nata haɗarin. Kitso mai tsananin ɗauri yana cinye gashin goshi kamar yadda sinadari yake yi, kuma ƙananan kitson da ake yayi yanzu sun fi na kakanninmu ja. Kasuwa ma ta riga ta shinshino riba. Man kaɗen da ake ɗiba daga dazukanmu yana dawowa a kwalba mai rubutun Turanci da ninkin farashinsa, garin chebe na matan Chadi ya cika shafukan Instagram da TikTok, kuma wasu haɗe-haɗen da ake tallatawa babu lambar NAFDAC a jikinsu. Macen da ta bar roba ɗaya ta kama wata robar da ba ta san abin da ke cikinta ba, kwalliyarta ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin. Rilaksa ta shafe shekara arba'in ko fiye a tsakaninmu, kuma a cikin waɗannan shekaru an yi 'ya'ya mata da suka girma ba su san taɓin gashinsu na asali ba, ba su san yadda ake jiƙa karkashi ko ɗora doka ba. Masu wannan sani tsofaffi ne, kuma kowace shekara ana binne wasu. Ojeikere ya bar hotunan kitso kusan dubu, shi ya sa ake iya nazarinsu a yau. Gaya da Ajingi suna buƙatar irin wannan aiki daga ɗalibansu na Hausa da na tarihi: a zauna da tsofaffin makitsa a Kademi da Balare da Gafasa, a rubuta sunan kowane salo da lokacin da ake yin sa da abin da ake shafawa, a ɗauki hoton hannu yana aiki. Gashin da aka ƙona yana sake tsirowa cikin wata goma sha huɗu, amma salon kitson da mai shi ta rasu ba ta koya wa kowa ba, babu inda za a je a samo shi.