Daga Mashigar Illo Zuwa Haiti

A shekarar 2017, bayan na gama wani aikin manhaja da ya cinye mini wata takwas, na ƙudura zuwa inda ba wanda zai kira ni a waya. Na duba ƙasashen da mai fasfon Najeriya ke shiga ba biza, sai na ga Haiti, ƙasar da ke raba tsibiri ɗaya da Jamhuriyar Dominika a tekun Karebiyan. Da na je sallama Illo, kakata ta ce, "Angona, wa gare ka a can?" Na yi dariya na ce, "Inna, ai can bangon duniya ne." Sai daga baya na gane tambayarta ta fi amsata ma'ana.

Na sauka Kap Haishen, a arewacin ƙasar, na yi abin da baƙi ke yi. Na hau doki daga Milo zuwa Sitadel, ganuwar da Henri Christophe ya gina a kan dutse tsakanin 1805 da 1820 don kada Faransa ta dawo. Na tsaya a Batiye, inda bayin da suka yi tawaye suka karya rundunar Faransa ranar 18 ga Nuwamba 1803, kafin su ayyana 'yancinsu ranar 1 ga Janairu 1804. Amma abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. Da safe wata mata ta zuba mini kunun masara a kofi, ta ce sunansa akasan. Duk wanda ya tsallaka daga Tsamiya zuwa Segbana ya nausa kudancin Benin ya san akasa. Wa ya kai wannan suna nan?

Amsar tana kan hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu. Kafin Ingila da Faransa su ja iyaka a yarjejeniyar 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingila, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Jega kan ƙetare Kwara a wannan yanki, su ratsa Borgu zuwa Jugu, su wuce Salaga sayen goro. Suna tafe da kanwa da tufafi da fatu, kuma suna tafe da bayi. Daga Jugu akwai hanyar da ta yi kudu zuwa Wida, bakin teku, inda jiragen Turawa ke jira. Mutanen Alada da Dahomi da aka loda a wannan gaɓa suna da yawa cikin kakannin Haiti, kuma a takardun gonakin rake na zamanin Faransa har da waɗanda aka rubuta a matsayin Hausawa.

Akwai mutum ɗaya da ya bi wannan hanya ya bar mana labarinsa da bakinsa: Mahommah Gardo Baquaqua. A Jugu aka haife shi, a gidan Musulmi. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Ya ce yaudararsa aka yi da giya, ya farka yana hannun masu sayarwa. Wajen 1845 aka saka shi a jirgi kusa da Wida zuwa Fanambuko ta Burazil. A 1847 ubangidansa ya tafi da shi New York a jirgin da ya ɗauko kofi, can ya kuɓuta da taimakon masu adawa da bauta. Aka ba shi zaɓi tsakanin Ingila da Haiti. Ya zaɓi Haiti, domin yana tsammanin yanayinta zai yi kama da na gida.

Ƙasar baƙar fata ce mai 'yanci, amma bai iya yarensu ba, kuma ba shi da kowa. Ya yi ta gararamba a Fatofirins cikin yunwa, har wani mai wa'azin Kirista, William Judd, ya ɗauke shi aiki. A 1848 ya karɓi addininsu. Ya yi shekara biyu a ƙasar, ya koma Amurka karatu, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Daga nan ya wuce Ingila yana neman hanyar komawa Afirka, yana ambaton mahaifiyarsa. A 1857 sawunsa ya ɓace daga takardu.

Na shiga Haiti da tikitin dawowa a wayata. Shi ya shige ta a matsayin ɗa, amma ba hanyar gida. Kuma ba Bature ne ya fara sa masa igiya ba. Mutanen ƙasarsa ne, a kan turbar da kakanninmu ke alfahari da ita. A Illo mun riƙe labarin goro da madugai, mun bar na waɗanda aka kora gaba da jakuna. Su kuwa a Haiti, masu addinin gargajiya har yau suna cewa ran mamaci Ginen yake komawa, wato nan wajenmu.

Yanzu rashin tsaro ya sa zuwa Fatofirins ya zama kasada, ba zan ce wa kowa ya shirya jaka ba. Amma mashigar Kwara tana nan, hanyar Segbana zuwa Kandi da Jugu tana nan.

Da na dawo na ba kakata labarin Baquaqua. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Uwar fa, an gaya mata?"