Aladen da ba alade ba

Duk wanda ya taɓa gwada manhajar jera kalmomin Turanci ya san aardvark, domin tana cikin na farko-farko a layi saboda "a" biyu da ta fara da su. Na yi shekaru ina cin karo da ita a wurin aiki ban taɓa tambayar asalinta ba. Sai da na je gida Roni, na nuna wa wani tsohon maharbi hoton dabbar a waya, ya dube ni kamar na raina masa wayo, ya ce, "Wannan ai dabgi ne."

Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce. A 1652 kamfanin kasuwancin Holan mai zirga-zirga zuwa gabashin duniya ya tura Jan van Riebeeck ya kafa zango a ƙarshen kudancin Afirka, inda birnin Kef yake yanzu. Mutanen da suka zauna a nan sun tarar da wata dabba mai dogon baki da kunnuwa irin na jaki, mai haƙa rami da fita da dare. Ba su da sunanta, sai suka haɗa kalmomi biyu na harshensu: aarde, wato ƙasa, da varken, wato alade. Aladen ƙasa kenan. Daga bakinsu Ingilishi ya ɗauka, ya bar "a" biyun nan yadda ya same su.

Sun yi kuskure, amma kuskure mai dalili: hancin ne ya yaudare su. Dabgi ba ya cikin dangin alade ko kaɗan. Binciken ƙwayoyin halitta ya sa shi kusa da giwa, da kuma rema, ɗan dabbar nan mai zama a kogon dutse. Abincinsa gara da tururuwa, ramukan da ya bari kuwa gadu da beguwa da kura ke gajewa.

Kafin mu yi musu dariya, mu duba namu. Raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, jakin dawa ba jaki ba ne. Mutumin gari ya saba da raƙumin ayarin Azbin, shi ya sa ya auna dogon wuyan daji da shi. Dabara ɗaya ce da ta mutanen Holan: ka kama baƙon abu da igiyar wanda ka sani.

Dabgi kuwa bai buƙaci aron sunan kowa ba a Hausa. Kalma ɗaya ce tilo, kuma a ganina wannan alamar tsohuwar sanayya ce. Abin da ya dame ni shi ne ƙannena biyu da suke wurin ranar: dukansu sun taɓa ganin aardvark a littafin makaranta, babu wanda ya taɓa jin dabgi. Da na koma Kano na buɗe jerin kalmomin Hausa da nake tarawa don gyaran rubutu, na nemi kalmar. Ni ma ban sa ta ba.