Intaferon a jikin kyanwa

Intaferon furotin ne da tantanin jikin kyanwa ke saki da zarar bairas ya shige shi. Ba ya kashe bairas da kansa, gargaɗi yake kai wa tantanin maƙwabta. Saƙon na bi ta hanyar jerin furotin da ake kira JAK-STAT zuwa cibiyar tantani, sai a sarrafa furotin masu hana bairas hayayyafa. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano intaferon a Landan a 1957.

Kamfanin Virbac na Faransa yana sayar da na kyanwa, Virbagen Omega, wanda ake samarwa a jikin tsutsar siliki. Ana yi wa kuliyoyi masu ɗauke da bairas ɗin FeLV ko FIV allurarsa. Yana rage alamun ciwo, amma ba ya kawar da bairas ɗin.